Igiyar Yaya

Yayana bai taɓa tuƙa jirgin ruwa ba. Wanke su ya yi. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya saurare shi a gahawa, wato rumfar shan shayi, a shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin duniya na Nasara zai ɗauka shi teku ke tambaya kafin ta motsa.

A Sudan muka rabu da shi a hanyarmu ta zuwa daga Kano. Mu muka tsallako teku tare da iyayenmu, shi ya tsaya a Bur Sudan, ya samu aiki a bakin ruwa inda Nasara ke ajiye wasu ƙananan jirage masu farin ƙyalle da iska ke korawa. Aikinsa ya kankare musu gansakuka, ya kwashe ruwan da ya taru a ciki. Da ya iso Makka bayan shekaru, na riga na yi aure har da yara. Bai zo mana da komai ba sai tsawonsa, wanda ya ƙaru, da labari guda ɗaya.

"A can," in ji shi, "jiragen tsere duk ɗaya ne. Kafinta ɗaya, katako ɗaya, ƙyalle ɗaya. A auna su da sanda, a ɗora su a sikeli, a buga musu hatimi. Wanda ya ƙara ko ƙusa, a kore shi. To in mutum ya ci, shi ya ci, ba jirginsa ba."

Mun ji wannan labari da safe, mun ji shi da tuwo a baki, mun ji shi a gidan suna da gidan makoki. Matsalar Yaya ita ce Allah ya kawo shi garin da ko agwagwa ba ta da wurin wanka. Ga adalci cike da cikinsa, babu jirgin da zai sauke shi a kai. Ya duba gabas ya duba yamma, sai idonsa ya faɗa kan maigidana.

Maigidana ɗan garuwa ne. Jikokina sun tashi sun tarar da famfo a bango, don haka sai na yi bayani. Muna zaune a inda yau ake kira Mansur, lokacin bukkoki ne da ɗakunan da aka haɗa da buɗaɗɗun garewani, Rusaifa kuwa fili ce sai duwatsu da awaki. Ruwa a bazan yake, wato wurin ɗiba na unguwa. Ɗan garuwa zai cika garwa biyu, ya rataye su da igiya a bakin sandar gora, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya saɓa a kafaɗa ya hau da su gidajen da ke kan dutse. Wannan kayan shi ake kira zafa. Ni kuma a gefen bazan ɗin nake zama da farantin soyayyar gyaɗa, da rana in koma gida in yi ɗinki, don haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Gajere ne maigidana, ba na ɓoyewa. In muka tsaya tare ina ganin tsakiyar hularsa. Ga shi da ƙarancin magana, ga zuciya. Amma in ya saɓa zafa ya doshi dutse, sai ka daina ganin gajartarsa. Yana da wata tsohuwar gora da ta yi baƙi don gumi, ta lanƙwashe daidai ramin kafaɗarsa, igiyoyinta gajeru, shi ya ɗaure su da hannunsa yadda garewanin ke tafiya a sama da matakala ba sa taɓa komai.

Kowace shekara, in alhazai suka watse gari ya yi wayam, 'yan garuwan bazan ɗinmu sukan yi tsere. A cika zafa, a tashi daga bakin bazan, a ƙare a wani farin dutse da ke saman unguwa. A can shehun 'yan garuwa yake jira, ya tsoma yatsa a kowace garwa, wanda ruwansa ya ragu ya wuce gaɓar yatsa an fitar da shi. Wanda ya ci, nasa ne gaban layi har shekara ta zagayo: in ya zo bazan ba ya jira, ya cika ya tafi. Kada ka raina wannan. Mai gaban layi yana gama gidajen kan dutse kafin rana ta ɗaga, sauran kuwa suna tsaye a layi har ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa. Tun da na aure shi gaban layi a hannun maigidana yake, da shi muke ci, da shi yake samun baccin azahar.

Yaya ma garuwar ya shiga, don babu jirgin da zai wanke. Ya yi tsere ya zo a tsakiya. Shekara ta zagayo ya sake zuwa a tsakiya. Daga nan ya gano dalili.

"Gorar nan ce ke ci," ya ce. A gahawar da ke bayana ya faɗa, da ƙarfi, ana shan shayi. "Ba raini ba ne, surukina ne, ƙanwata yake aure. Amma ku dubi gorar. Tana lilo da kanta, ita ke ɗaga shi. A ba ni ita in nuna muku. A Bur Sudan da tuni an ƙwace ta."

Duk wanda ya taɓa shan kaye a tseren ya gyara zama. Babu abin da ke yi wa namiji daɗi irin a gaya masa ba ƙafarsa ce ta gaza ba. Kafin a wanke finjalai an sami jama'a. Shehun 'yan garuwa, wani tsoho mai son duk abin da aka ce za a buga wa hatimi, ya ce magana ce ta hankali, a zauna a kanta.

Aka zauna kuwa. Ban taɓa ganin maza sun ba wani abu muhimmanci haka ba, har da rabon gado. Aka ce garewani su zama sababbi, na kamfani ɗaya. Aka ɗauke su aka kai wa mai kayan miya ya ɗora a sikelinsa ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki, masu sayen albasa na jira. Aka sayo gora daga dami ɗaya a wajen wani Bajawe, baƙo daga ƙasashen gabas mai nisa, aka yanke su daidai. Hatimi ya gagara, sai aka ari shunina aka diga wa kowace garwa. Aka ce za a tara zafofin a yi ƙuri'a, kada kowa ya zaɓa. Wani ya tashi ya ce wannan caca ce, aka tafi wajen liman, liman ya ce ba caca ba ce, ya kuma roƙe su su bar shi ya yi barci. Aka hana takalmi don wani na da na fata wani na da na taya. Wani ma ya kawo maganar karin kumallo, aka yanke cewa kowa ludayi ɗaya na wake zai ci, a wajen mai wake ɗaya. Har 'yan itatuwan da ake jefawa a saman ruwa don kada ya fantsama sai da aka fere su tsawo ɗaya.

Sai aka zo kan igiya. Shehu ya ce wane tsawo za a yi? Yaya ya miƙe, ya ɗauki wata siririyar igiya, ya ɗora bakinta a kafaɗarsa, ya sake ta ta sauka zuwa tsakiyar ƙwabrinsa, ya ƙulla. Ya ce daga gora zuwa gindin garwa kenan, nan ne zafa take zama daidai. Ya sa mata suna ma'auni. Tun daga ranar a aljihunsa take kwana, in yana magana yana murza ta kamar carbi.

Ina so a fahimce ni. Yayana ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Shi dai bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai duniyar da ba tsawonsa ba. An auna garwa, an auna gora, an auna wake, babu wanda ya auna mutanen da za su ɗauka.

Da maigida ya dawo na tare shi tun bai ajiye zafa ba.

"Malam, ka ga igiyar nan kuwa?"

"Na gani."

"A kafaɗarka har ƙasa za ta kai. Ka buɗe baki ka ce a rage."

Ya wanke hannu, ya zauna, ya ja kwano. Sai da ya kai loma ya ce, "In na ce a rage, sai su ce igiya ce ke ci."

"Su ce mana. Maganarsu za ta cika maka garwa?"

Ya ci gaba da cin abincinsa. A ranar na gane abin da Yaya ya yi masa ya fi igiya. Ya sa shi shakkar ƙafarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana hawan dutse kamar akuya ya koma yana kallon gorarsa a kaikaice, yana tambayar kansa ko ita ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na je na sami Yaya na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya dube ni daga can sama, ya ce, "Ke ƙanwata, ai gata na yi masa. In ya ci yanzu, babu mai sake magana."

Ranar tsere da sanyin safiya unguwa ta fito. Na matsar da farantina gindin matakala. Aka yi ƙuri'a, kowa ya saɓa abin da ya faɗo masa, shehu ya aiko a ce yalla, wato a tashi.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya maigidana ne a gaba. Yana tafe a kan yatsun ƙafa, ya ɗage kafaɗa har kunne, gindin garewanin na shafar ƙasa suna tayar da ƙura. Har na fara cewa ko zai yi. Sai aka iso matakala. Da ya ɗaga ƙafa, garwar gaba ta bugi dutse ta dawo ta sare shi a ƙwabri, ta baya kuma ta maƙale ta fizge shi. Ya kai hannu zai naɗe igiyar a gora, Yaya daga baya, da numfashinsa da komai, ya ɗaga murya ya ce doka ta hana naɗi. Maigida ya saki. Ya juya ya fara hawa a karkace, ya cicciɓi gorar da hannu biyu sama da kafaɗarsa, ruwa na zubo masa a fuska. Dogaye suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, wasu suna kawar da kai don kunya. Yara suna dariya. Ni ma da ba mijina ba ne da na yi, don abin akwai ban dariya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Maigidana ya kai farin dutsen, bai tsaya a hanya ba. Shehu bai ma tsoma yatsa ba, don ana hango gindin garwa. Jini na bin ƙafafunsa yana haɗuwa da ruwan da ya zube.

Wanda ya ci wani saurayi ne da ya zo ta hanyar Cadi bai daɗe ba, dogo har ya fi Yaya. Sai da aka yi masa bayani kafin ya gane abin da ya samu. Yaya kuwa a tsakiya ya zo, inda ya saba. Ya sauko yana share gumi yana cewa yau adalci ya yi aiki, yau an ga gaskiya. Da aka tambaye shi to shi me ya tsayar da shi, sai ya ce gorar da ta faɗo masa a ƙuri'a tana da ɗan karkata.

Washegari maigidana ya shiga layi. Ina zaune ina kallonsa a bayan yaran da shi ya koya wa ɗaurin igiya, rana na hawa, yana musanya ƙafa a kan ƙasa mai zafi. Gidajen kan dutse da suka saba ganinsa da sassafe suka fara kiran wani. Baccin azahar ya ƙare. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya gagare ni shi ne da na ga ya soke tsohuwar gorarsa a rufin ɗaki, ya sayi sabuwa, ya je ya ari ma'aunin Yaya ya ɗaure igiyoyinsa da shi. Ba don tsere ba, don aikin kullum.

"Malam, wannan kuma fa?"

"Sabawa zan yi."

"Ƙafar ce za ta ƙara tsawo ko dutsen ne zai rage?"

Ya ce in ba shi tsumma ya ɗaure ƙwabri.

Ni ma na rama iya ƙarfina. Ni ke ɗinka musu rigar Sallah su biyun, maigida da Yaya. A shekarar na yanka duka biyu da awon maigidana, yadi ɗaya, zare ɗaya, allura ɗaya. Yaya ya zura tasa, ta tsaya masa a gwiwa, hannun ya ƙare a gwiwar hannu. Ya ce wannan wane irin wulaƙanci ne? Na ce daidai na yi muku, Yaya, kada a ce riga ce ke yi wa mutum kyau. Ya tuɓe ta ya jefar a tabarma ya ce riga ba tsere ba ce. Ya tafi Idi da tsohuwarsa, ya yi kwanaki ba ya cin tuwona, sannan yunwa ta sasanta mu. Bai fahimci komai ba.

Shehu, Allah ya jiƙansa, ya kira maigida gefe ya ce saboda shekarunsa a bar masa gaban layi ba tare da tsere ba. Maigida ya ce ya gode, ba ya so. Na sa wasu dattawa suka tayar da maganar rage igiya a gahawa. Dogaye suka ce a'a, ai wannan ita ce al'ada. Al'adar da shunin hatiminta bai gama bushewa ba. Yaya ya murza ma'auninsa ya ce in aka rage wa mutum ɗaya an buɗe ƙofa, gobe wani zai ce a rage masa ruwa.

Haka aka yi ta yi. Duk shekara maigidana yana shiga, duk shekara yana matsowa. Ya koyi wata irin tafiya ta murɗa ƙugu yadda garwar gaba ke kaucewa matakala, ba kyan gani amma tana kai shi. Ya daina zubar da ruwa. Ya fara wuce Yaya, wanda a shekarar ya ce wakensa ne bai nuna ba. Akwai shekarar da ya zo dab da na farko, har ya taɓa farin dutsen mutumin bai gama sauke zafa ba. Ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai, ya ce mini, "Saura kaɗan." Ni kuwa ƙafafunsa nake kallo. Daga gwiwa zuwa idon sawu babu inda garwa ba ta sara ba, tabo a kan tabo, akwai kuma wani miki a ƙafar hagu da ya ƙi rufewa, kullum a jiƙe, kullum ana sake buɗe shi.

Ba na cewa igiya ce ta kashe shi. Kwana ne ya ƙare, na sani, an gaya mini sau da yawa. Amma mikin nan ne ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya, ana saura 'yan kwanaki a yi tsere. Yana kwance yana tambayata ko alhazai sun gama tafiya. Ya rasu da hantsi, lokacin da layin bazan ya fi tsawo.

Yaya ne babba a maza, shi ya yi masa wanka. Muna da farin yadi da muka jiƙa da zamzam muka ajiye tun da daɗewa, na ɗauko shi da almakashina na shiga na miƙa. Yaya ya duba ko'ina yana neman abin da zai gwada tsawo da shi, babu. Sai hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya fito da ma'auni.

Ya durƙusa ya ɗora bakin igiyar a kafaɗar maigidana, kamar yadda ya ɗora a tasa a gahawa. Ya ja ta ƙasa. Ta bi ta kan gwiwa, ta bi ta kan tabban nan duka, ta wuce idon sawu. Ƙullin ya sauka a kan tabarma, bayan diddige.

Ya tsaya yana kallon ƙullin. Ya ɗaga igiyar ya sake ɗorawa daga kafaɗa, a hankali, wai ko kuskure ya yi. Ta sake sauka a inda ta sauka.

Na yi niyyar in yi shiru, wallahi na yi niyya. Amma na ce, "Yaya, kada ka rage masa. Yanka masa daidai da naka, kada a ce an yi son kai."

Ya ɗauki almakashi, ya kama bakin yadin, ya kasa yankawa. Ya ce, "Ban taɓa gwadawa a jikinsa ba." Na ce na sani.

Na karɓi almakashin daga hannunsa, na ture igiyar gefe da ƙafa, na shimfiɗa yadin na yanka. Ban auna ba. Ni ke ɗinka masa riga, na san tsawonsa.